Takwaran Mai Hoto

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Mai Hoto ya san ba a tambayar suna a bakin ƙofa. Kana shiga zai nuna maka madubi da matajin da ke rataye a jikinsa da zare, ya zaunar da kai a kujera mai juyawa gaban farin labule, ya ɗaga maka haɓa da ɗan yatsa, sannan ya koma bayan kyamara ya hau wani akwatin katako da yake takawa don idonsa ya kai. Sai ya yi shiru. Ya ƙura maka ido ta cikin gilashin har ka fara zargin ko wani abu ne ya maƙale maka a hanci. Can sai ka ji ya ƙwala kira:

"Ɗahiru!"

In sunanka ne, sai ka zaro ido ka ce, "Kai! A ina ka san ni?" In ba sunanka ba ne, dariya ta kuɓuce maka, ka ce, "Ni ne Ɗahirun?" Ko wanne ya faru, a daidai lokacin yake danna kyamara, ƙyas. Shi ya sa yaran layin suke ce masa Baba Ƙyas. Shi ya sa kuma ko ƙananan hotunan nan na katin aiki, waɗanda kowa ke fitowa a cikinsu kamar wanda aka kama da kayan sata, in dai shi ya ɗauka sai ka ga mutum ya fito da ransa.

Amma kada ka kuskura ka ce masa dabarar sa mutane dariya ce, don sai ku yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka da kyau. A wurinsa baiwa ce. Kowane suna, in ji shi, yana da fuskarsa da halinsa. Sa'adatu ba ta rasa kumatu. Nafi'u siriri ne mai dogon wuya, ba ya son hayaniya. Bilyaminu kuwa tun bai buɗe baki ba ka san yana da wushirya, kuma duk inda aka yi alkawari da shi sai ya makara.

Tela, wanda bango ɗaya ya raba shagonsu, kuma suke zama a benci ɗaya in rana ta yi sanyi, bai taɓa yarda da wannan magana ba.

"Kai dai ka iya cika baki," in ji shi, yana cizge zare da haƙori. "Jiya ina jin ka ta bango. Ka ce wa wata Ramlatu, ta ce Mansura. Ka ce wa wani Sabi'u, ya ce Yakubu. Tun safe har yamma mutum ɗaya ka ci, shi ma sunansa na rubuce a aljihun rigarsa."

"Waɗanda ban ci ba," in ji Mai Hoto, ko a jikinsa, "iyayensu ne suka yi kuskure."

Tela ya ɗauka raha ce. Bai san cewa in Mai Hoto ya ce iyaye suna kuskure, da nasa iyayen yake ba.

Sunansa na yanka Zaharaddini. Shi kuwa gajere ne, siriri, muryarsa 'yar ƙarama, ga kunnuwa biyu a tsaye kamar hannuwan kofi. Tun yana makaranta ya gane akwai matsala. Duk sabon malamin da ya zo kiran suna, in ya kai kan nasa sai ya cika ƙirji ya ce "Zaharaddini!", ya ɗaga kai yana duba can layin baya inda ƙartin ajin suke zama. Shi kuma a layin gaba ya ɗaga ɗan hannunsa. Akwai malamin da ya ce masa, "Kai yaro sauke hannunka, ba da kai nake ba." Ajin ya ɗauka da dariya har ana buga tebur. Wannan dariyar ta bi shi aji-aji har ya gama, kuma ko da furfura ta cika masa kai bai daina jin ta ba.

A ransa ya san yadda Zaharaddini na gaskiya yake: dogo, mai faɗin ƙirji, mai gemu, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, in ya yi gyaran murya a yi tsit. Don haka duk ƙaton da ya shigo shagon, wannan sunan yake fara jefa masa, kamar wanda ya tsinci kaya a hanya yake ta neman mai su. Bai taɓa dacewa ba.

Shi dai ya ji daɗi da sana'a ta rufa masa asiri, kowa Mai Hoto yake ce masa. Wuri ɗaya sunan ya ƙi barinsa. Ranar da maigidansa da ya koya masa aiki ya yaye shi, ya ba shi kyautar hatimi mai mariƙin katako, an sassaƙa sunansa a kai ɓaro-ɓaro. Kyautar maigida ba a yar da ita. Haka ya ci gaba da buga shi a bayan kowane hoto, sannan ya ɗauki fensir ya rubuta sunan wanda ya ɗauka a ƙasa. Yana bugawa ne ba ya kallo.

Ana nan sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe kuma ta hannun damansa, ta haifi ɗa namiji. Da aka sallamo su daga asibiti, shi da matarsa suka tafi gidan. Ɗakin ya cika da ƙamshin hoda da man jarirai, fanka tana juyawa a hankali, kayan wanki ƙanana an shanya su a bayan kujera. Mijin Auta, wani malamin lissafi mai yawan ladabi, ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya ɗauko jaririn ya miƙa wa surukinsa.

Mai Hoto ya karɓa, ya buɗe tawul. Yaro ɗan mitsitsi, bai fi a ɗauke shi a tafin hannu biyu ba, ya dunƙule hannu, ya tattare goshi kamar wanda aka tasa daga barci don a tambaye shi hanya. Sai kuma kunnuwan. Mai Hoto ya dube su, ya ji wani abu ya tsirga masa a ƙirji. Nasa ne sak, ba ragi.

"To," in ji matarsa, tana leƙowa ta kafaɗarsa, "ga sabon miji na yi, mai jini a jika. Malam, sai ka nemi inda za ka koma."

"Wannan da ko sabulu ba zai iya saya miki ba?" in ji shi, amma idonsa bai bar fuskar yaron ba. Son yaron ya riga ya kama shi.

Auta ta gyara zama a kan gado, ta dubi mijinta, ta dubi mahaifinta.

"Baba, tun ina da ciki muka yanke shawara. Mun ce in namiji ne, sunanka za mu sa masa."

Da wani uban ne, sai ya wangale baki ya hau sa albarka. Mai Hoto kuwa fuskarsa ta canza kamar an ɗauke wuta.

"A'a," ya ce. "Wannan ba zai yiwu ba. Ku dube shi mana. Wannan ai Anas ne. In kun ƙi, Nuhu. Suna gajere, mara nauyi, wanda zai iya ɗauka."

"Baba, ba don kama muka zaɓa ba. Don kai ne."

"Ni na san abin da na sha. Ba zan ɗora wa wannan ɗan tsako buhun da ni kaina na kasa ɗauka ba. Kuna so ya shiga aji a kira shi a riƙa duba bayansa? Kuna so yara su mai da shi abin dariya?"

Malamin lissafi ya buɗe baki zai kawo hujja, Auta ta taɓa hannunsa ya yi shiru. Idonta ya cika da ƙwalla, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Jibi za mu je a yi masa takardar haihuwa. In ka ce a'a, ba za mu sa ba, don sunanka ne, ba zan ɗauka ba da yardarka ba. Amma wallahi Baba ban ji daɗi ba."

Ta miƙo hannu ta karɓi ɗanta, ta juya fuska bango. Tunda aka haifi Auta ba ta taɓa juya masa baya ba sai ranar.

Da suka koma gida matarsa ta haɗa masa shayi, ta dire a gabansa, ya kurɓa ya ji babu sukari, ya kuma san ba mantuwa ba ce.

"Ke ma laifina kike gani?"

"Ni wace ce da zan ga laifin masani?" in ji ta, tana ninke kaya. "Ni dai na san da sunan na aure ka, ban ga ya hana ni cin abinci ba."

"Ke ai ba ki taɓa kirana da shi ba."

"A baki ne kawai ban kira ba."

Ya shanye shayinsa haka nan da ɗacinsa.

Washegari ya buɗe shago jiki ba ƙwari. Wata mata ta shigo da 'yarta za a yi mata hoton makaranta, sai ga Mai Hoto a bakin ƙofa yana tambaya, "Yaya sunanta?" Matar ta dube shi kamar ta shigo shagon da ba shi ba. Yarinyar, wadda tun daga gida take zumuɗin jin sunan da Baba Ƙyas zai laƙaba mata, ta zauna ta turo baki. Hoton ya fito kamar na kowa. Tela, da ya ji shiru ta bango, ya leƙo da tef a wuya.

"Lafiya kuwa? Yau ban ji an yi wa iyayen kowa gyara ba."

"Ka ƙyale ni."

Ya ba shi labarin a taƙaice. Tela ya girgiza kai ya ce, "Kai dai wani irin mutum ne. Mutane na roƙon a yi musu takwara, kai an kawo maka har gida kana gudu." Ya koma kan kekensa yana mita.

Wajen azahar hasken ƙofa ya dushe. Mai Hoto ya ɗaga kai ya ga mutum ya toshe ta gaba ɗaya. Sai da baƙon ya sunkuya sannan ya shigo. Dogo ne, ƙirji kamar ƙyauren shago, gemu baƙi ƙirin, rigar aikinsa duk ƙananan hujojin tartsatsin wuta, baƙin tabarau na walda a saman goshi.

"Sannu da aiki. Hoton lasisi nake so."

Muryar ma sai da matajin da ke jikin madubi ya motsa, ko kuwa iskar fanka ce, oho. Mai Hoto bai tambayi suna ba. Ya zaunar da shi, kujerar ta yi ƙara tana neman agaji. Ya yi ɗage ya cire masa tabarau, ya ɗaga masa haɓa, ya ja kyamara baya don kafaɗun su shiga, ya hau akwatinsa ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo. Duk ƙartin da ya taɓa jefa wa sunan, babu wanda ya cika sharuɗɗa irin wannan. Ya ja numfashi, ya tattaro iya muryar da Allah ya ba shi.

"Zaharaddini!"

"Na'am."

Mai Hoto ya sandare a kan akwati. A karo na farko tun da ya fara sana'a, ya manta bai danna kyamara ba.

"Me ka ce?"

"Na ce na'am. Sunana ke nan."

Sai ga Mai Hoto ya diro, ya hau dukan bango da tafin hannu. "Tela! Tela! Zo ka gani da idonka! Zo ka ga mai sunan na gaskiya!"

Tela ya shigo da gudu, almakashi a hannu, ya ɗauka gobara ce.

"Dube shi!" in ji Mai Hoto, yana zagaya baƙon kamar dillali. "Dubi tsawo, dubi ƙirji, dubi gemu. Ga Zaharaddini nan Allah ya kawo shi har shagona. Ba na gaya maka ba? Irin wannan ake sa wa sunan, ba irina ba, ba kuma ɗan jaririn da bai kai damtsen wannan ba."

Yana faɗa yana murna, amma can ƙasan murnar wani abu yana ci masa rai, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga hujjar da ta tabbatar masa cewa rigar wani ya yi rayuwa da ita.

Tela ya gyara tabarau, ya dubi baƙon daga sama har ƙasa yadda yake duban mai awo.

"Wa? Wannan?" Ya taɓe baki. "A'a. Ka yi haƙuri bawan Allah, amma sunan sam bai yi kama da kai ba."

Baƙon ya buga cinya da hannu, ƙura ta tashi.

"Kun ji ko! Abin da ya kawo ni ke nan. Wallahi ba don lasisi kaɗai na zo ba, akwai mai hoto kusa da gidana. Na zo ne in ga mutumin da ya hana ni sakat."

Ya ce shi ne ya buɗe sabon shagon walda a ƙarshen layi. Inda ya fito, ba wanda ya taɓa cewa komai game da sunansa. Amma tun da ya sauka a unguwar nan bai huta ba. Mai gidan haya ya ji sunan ya ce, "Ikon Allah, ka yi masa girma." Mai kemis ya ce, "Anya?" Wata tsohuwa ta kawo masa tukunya ya liƙe mata mariƙinta, ta tambayi sunansa, ya faɗa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗana, ka tabbata? Zaharaddini ai ɗan firit ne mai saurin hannu, ba ya zama wuri ɗaya."

"Ni ake tambaya ko na tabbata da sunana!" in ji Mai Walda. "Ɗana ya je sabuwar makaranta, aka ce ya faɗi sunan mahaifinsa, ya faɗa, yaran ajin suka ce ƙarya yake, Baba Ƙyas ba shi da ɗa mai ƙiba haka. Ya dawo gida yana kuka. Abin da ya fi damuna ma, in ina aiki na ɗaure fuska saboda wuta, sai mai wucewa ya ce, 'Haba, Zaharaddini da ɗaure fuska?' Yanzu dole nake yi wa mutane murmushi ina riƙe da ƙarfe mai zafi. Kumatuna har ciwo suke."

Tela ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Mai Hoto kuwa bai yi dariya ba, ya tsaya baki buɗe.

"Amma ai ba wanda ya san ni da sunan nan," ya ce a hankali. "Kowa Mai Hoto yake ce mini."

"Kai kam Allah ya shirye ka," in ji Tela, yana share hawayen dariya da gefen riga. Ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauko hatimin, ya nuna masa. "Wannan fa? Wane gida ne a unguwar nan babu shi? Hoton aure, hoton makaranta, hoton jarirai, na waɗanda suka yi tafiya, na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Yara da yawa a bayan hotonka suka fara haɗa baƙi."

Ya ajiye hatimin, muryarsa ta sauka.

"Ka tuna ranar da na kawo maka tsohuwata? Ba ta son hoto, ta zauna ta haɗe rai. Ka hau akwatin nan ka ce mata 'Kubura!' Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce ita a gidansu ma ba a taɓa yin Kubura ba. Yau shi ne kaɗai hoton da muke da shi tana dariya. In kewarta ta kama ni na ɗauko shi, na juya bayansa, sunan wa nake gani? Kai a tunaninka in na ji sunan nan, wani ƙato mai gemu nake hangowa? Ka yi haƙuri, Mai Walda."

"Ba komai," in ji Mai Walda. "Na saba."

Mai Hoto ya zauna a kan akwatinsa. Maganar matarsa ta jiya ta dawo masa, sai yanzu ya fahimce ta. Kunya ta kama shi, da wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya ɗago ya dubi abokinsa.

"Tsakaninka da Allah, in an ce Zaharaddini, me kake fara gani?"

"Kunnuwa," in ji Tela, bai ko yi tunani ba.

Wannan karon har da Mai Hoto a dariyar, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Mai Walda ya bubbuga masa baya da hannun da ya kusa kifar da shi. Da ya dawo hayyacinsa ya hau akwati ya leƙa gilashi, ya ce, "Takwara!" Ƙaton ya saki murmushi, na gaske ba na dole ba, ƙyas.

Bai jira yamma ba. Ya cire kyamara daga kan ƙafafunta, ya rataya a wuya, ya yage farin ƙyalle daga ragowar labule, ya ja ƙofar shago.

"Ka manta akwatinka," in ji Tela.

"Wanda zan ɗauka yau na fi shi tsawo."

Da ya isa gidan Auta ya tarar da matarsa ta riga shi zuwa, tana wanke kwanuka a kicin. Auta tana zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura. Ta gaishe shi a ladabce, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo, abin ya soke shi fiye da in ta yi masa tsiwa.

"Hoto na zo ɗauka," ya ce. "Ba za a yi jariri a gidan nan ban ɗauke shi hoto ba."

Ta miƙa masa yaron. Ya shimfiɗa farin ƙyallen a kan gado kusa da taga, ya zuge labule rabi don haske ya sauka ta gefe, ya kwantar da shi, ya gyara masa wuyan riga da ɗan yatsa. Malamin lissafi ya tsaya a bakin ƙofa, matar Mai Hoto ta zo bayansa tana goge hannu a zani. Kowa ya san yadda yake aiki, kowa ya san abin da zai biyo baya. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran ta ji Anas.

Ya sunkuya ya leƙa. Ga goshin a tattare, ga hannun a dunƙule, ga kunnuwan nan biyu haske ya ratsa su sun yi ja. Ya nemi ƙaton da ya zauna masa a ka tun yana yaro, ya tarar ƙaton yana can ƙarshen layi yana liƙe tukwane, kumatunsa na ciwo. Shirun ya yi tsawo fiye da kullum. Da ya buɗe baki bai ƙwala ba, da 'yar muryarsa ta ainihi ya kira.

"Zaharaddini."

Yaron ya buɗe ido ɗaya, ya yamutsa hanci, ya yi atishawa. Ƙyas.

Auta ta rufe baki da hannu biyu, kuka da dariya suka haɗe mata. Ta sauko daga gado ta riƙe hannun mahaifinta, tana ta cewa "Baba, Baba." Matarsa ta juya wai tana neman wani abu a kan shiryayye, ta daɗe ba ta same shi ba.

Malamin lissafi, wanda ba ya barin lissafi bai daidaita ba, ya yi gyaran murya.

"Baba, a gafarce ni. Jiya ka ce sunan ya yi wa yaron nauyi."

"Ni na faɗa?" in ji Mai Hoto, yana rufe gilashin kyamara. "Ba ka ji da kyau ba. Zaharaddini gajere ne, mai saurin hannu, kuma ba ya rasa kunnuwa. Kowa ya san haka, tambayi duk wanda ka ga dama a unguwa."

"To wani mai walda da aka ce ya zo layinku, an ce shi ma sunansa ke nan, kuma ƙato ne."

"Wannan," in ji Mai Hoto, "iyayensa ne suka yi kuskure."

Da yamma ya koma shago, ya wanke hoton da kansa, ya yanke gefunansa da almakashi. Yaron ya fito ido ɗaya a buɗe, baki a karkace, ana tsakiyar atishawa. Ya kife shi a kan tebur, ya dangwala hatimi a tawada ya buga, wannan karon yana kallo. Ya ɗauki fensir zai rubuta sunan jaririn a ƙasa kamar yadda ya saba. Ya tsaya, ya karanta abin da ke wurin, ya ga hatimin ya riga ya rubuta. Ya mayar da fensirin bayan kunne.